Lafiyar Iyali: Ƙurajen Leɓe da na Al'aura

Da yawa daga cikinmu a nan Race Course mun saba ganin ƙananan ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓin cizon sauro, sai mu ce zazzaɓi ne ya fito. Gaskiyar magana ita ce, wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira hapis, wadda ke kwance cikin jijiya, zazzaɓin ya tashe ta kawai. Nau'i biyu ce: na farko ya fi kama baki, na biyu kuwa al'aura, ko da yake na farkon ma yana iya sauka can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 ne ke ɗauke da nau'in farko, miliyan 520 kuma 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da na biyu. Mafi yawansu ba su ma sani ba.

Alamar farko ita ce ƙaiƙayi ko raɗaɗi a wuri guda, yini ɗaya ko biyu kafin a ga komai. Daga nan sai ƙuraje masu ruwa su fito a cunkushe, su fashe, su zama gyambo mai zafi, sannan su bushe. Na leɓe kan warke cikin kwana goma. Na al'aura, a karon farko, kan zo da zazzaɓi, ciwon jiki, kaluluwa a matsematsi da zafin fitsari, kuma yakan kai mako biyu zuwa huɗu. Mu lura: gyambon tunjere yawanci ɗaya ne kuma ba ya zafi, na hapis kuwa da yawa ne, da zafi. Gwajin asibiti ne kaɗai ke rarrabewa da tabbaci.

Abin da ya fi damunmu shi ne jarirai. Ranar suna, 'yan'uwa da maƙwabta kan karɓi jariri hannu zuwa hannu, ana sumbatarsa don ƙauna. Ƙurjin da bai wuce ƙaiƙayi ga babba ba yana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwar jaririn da bai cika wata guda ba, ya kashe shi ko ya nakasa shi. Don haka mai ƙurji a leɓe ya yi addu'arsa daga nesa, ya wanke hannu, kada ya sumbaci yaro. Idan jariri ya ƙi nono, ko barcinsa ya yi nauyi, ko jikinsa ya yi zafi, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa, a garzaya da shi asibiti a ranar. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye ba shi da nisa da mu. Mai juna biyu kuma da ta taɓa ganin irin waɗannan ƙuraje ta faɗa wa ungozoma tun wajen awo, domin akwai maganin da ake ba ta daga mako na 36, kuma idan ƙurajen suna nan lokacin naƙuda, akan ciro ɗan ta tiyata.

Sai maganar ma'aurata. Ƙwayar nan tana iya kwanciya shekaru ba ta motsa ba, kuma mutum na iya yaɗa ta ba tare da alama ba. Bayyanarta yau ba hujja ba ce cewa wani ya ci amana jiya. Shari'a ta tsananta kan ƙazafi, kada mu rushe gida kan zato. Miji da mata su tafi wajen likita tare, su dakata da kusantar juna har gyambo ya warke sarai.

Cutar ba ta fita daga jiki, amma maganin asiklobir yana rage zafinta da tsawon kwanakinta idan an fara shi da wuri. A guji shafa toka ko man goge haƙori, a guji taɓa ido bayan taɓa ƙurji. Nau'i na biyu yana ninka haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan sau uku, don haka a nemi wannan gwajin ma.

Kunya ado ce ga musulmi, amma ba a ɓoye wa likita ciwo. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya raya mana zuriya, amin.