RA'AYINMU: Na'ura Ta Zo, Saura Malamin Rubutu

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta ɗungurungum, WAEC kuma ta fara bin sahu a 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. Saboda haka iyayen yara a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan sun duƙufa wajen biyan kuɗin koyon kwamfuta. Madalla. Amma jarrabawar JAMB ta zaɓi-ɗaya ce. Yaro zai iya cin ta alhali bai iya tsara wasiƙa mai layi goma ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne rubutun Hausa. Yaran da aka haifa a nan Kudu suna jin Hausa a gida, a makaranta kuwa Turanci ne da Yarabanci, ko Ibo. Da can dole ce ke sa a koyi rubutu, don a aika wa gida takarda ta hannun direba. Yanzu sai a danna WhatsApp a yi magana, shi ke nan. In ma an rubuta, duba ka gani: ana nufin baƙi a sa baki, ana nufin ƙafa a sa kafa, "ba ta" da "ɓata" duk sun zama "bata". Laifin ba na na'ura ba ne, domin Gboard yana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ, kyauta. Ba a nuna wa yaran ba ne kawai.

Google Translate ya sa Hausa tun 2013, ga kuma manhajojin da ke rubuta wa yaro insha'i sukutum. Waɗannan suna da amfani ga wanda ya riga ya iya, shi ne zai gane inda suka yi kure. Wanda bai iya ba sai ya kwafe.

To, muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni, irin su Mile 12, su tuna da ajin Yaƙi da Jahilci da ya koya wa iyayenmu boko. A ware ɗaki guda a makarantar Islamiyya, a sayi kwamfuta ko biyar, tsofaffi ma sun isa. A ɗauki malamin da ya san ƙa'idar rubutu, a riƙa biyansa. Kowane mako yaro ya buga wasiƙa zuwa ga kakarsa a Arewa, malam ya gyara a gabansa, sannan a tura.