SHARHI: Tsimin Kuɗin Waya, Asarar Masana'anta

Duk wanda ya taɓa zama da ɗan kasuwa a lokacin da yake lissafin kafa masana'anta ya san inda hankalinsa yake tafiya. Zai yi makonni yana ciniki a kan injin casar shinkafa ko na niƙan gari, ya tambayi farashi a Legas, ya tambaya a Onica, ya aika Kano a jiyo masa. Amma idan aka zo kan wayar da za ta kai wa injin wuta, sai ya miƙa wa yaro kuɗi ya ce a sayo "mai ɗan kauri". A ra'ayina, wannan sakaci yana cikin abubuwan da ke cin jarin ƙananan masana'antunmu a ɓoye, kuma gyaransa yana hannun mai dukiya, ba sai ya jira gwamnati ba.

Manyan injuna suna aiki ne da wuta mai layi uku, wadda masu sana'ar ke kira tiri-fes, mai ƙarfin bolt 400 zuwa 415 a ƙasar nan. Girman wayar da ta dace da kowane inji lissafi ne sananne, ba ƙiyasin ido ba. Alal misali, moto mai kilowat 30 yakan ja kimanin amfiya 55 idan yana ɗauke da cikakken kaya. Bisa jadawalin Ingila, wanda injiniyoyinmu da yawa suka yi karatu a kansa, wayar jan ƙarfe mai rigar roba da aka zura cikin bututu tana ɗaukar amfiya 50 idan kaurinta milimita murabba'i 10 ne, amfiya 68 idan 16 ne, amfiya 89 kuma idan 25 ne. Da ganin haka mutum zai ce mai lamba 16 ta wadatar har da rara.

To, amma wancan jadawali an gina shi ne a kan zafin iska na digiri 30. A cikin rumfar kwano a Lakwaja ko Makurɗi a watan Maris, ga injuna suna huci, digiri 40 ba abin mamaki ba ne. A wannan zafi wayar tana rasa kashi 13 cikin ɗari na ƙarfinta, wato amfiya 68 ta koma 59. Bugu da ƙari, idan mai haɗa wuta ya cusa layin wani inji a cikin bututun guda don a rage kuɗin bututu, sai a sake rage kashi 20 cikin ɗari, a tashi da amfiya 47. Ke nan wayar da aka ce tana da rara ta gaza abin da moto ke ja. A irin wannan wuri mai lamba 25 ce ta dace.

Akwai kuma nisa. Gwargwadon tsawon waya, gwargwadon raguwar ƙarfin wutar da ke isa ga inji, kuma ƙa'ida ita ce kada raguwar ta wuce kashi 5 cikin ɗari. A tsawon mita 100, waya mai lamba 10 ta riga ta cinye wannan kaso gaba ɗaya, alhali kuwa sau da yawa wutar da ke fitowa daga tiransifoma ko janareta ba cikakkiya ba ce tun asali. Moto kuwa idan ƙarfin wuta ya ragu sai ya ƙara ja, ya ƙara zafi. Idan an kunna shi kai tsaye, a lokacin tashi yakan ja kusan ninki shida na abin da ya saba. Daga nan ne ake fara zaryar kai moto wajen masu naɗi, ana ɗora laifi a kan kamfanin wuta ko kan ƙasar da ta ƙera injin.

Bututu ma yana da nasa hukunci. Ba a so wayoyi su cika fiye da kimanin kashi 40 cikin ɗari na cikinsa, domin zafi ya sami hanyar fita, kuma kada rigar waya ta yage wajen ja. Idan bututun na ƙarfe ne, dole ne dukkan layukan uku su bi ta cikin guda ɗaya, don in aka raba su ƙarfen da kansa zai riƙa ɗaukar zafi. Haka nan fis ko birekar da aka sa dole ta dace da wayar. Wanda ya gaji da yankewar wuta ya sa babbar bireka a kan ƙaramar waya, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Mu zo kan kuɗi, tun da shi ne yaren da kasuwa ta fi ji. Kowace waya tana mayar da wani ɓangare na wuta zafi, kuma mita tana ƙirga wannan ɓangare kamar yadda take ƙirga na aiki. A misalin da muka kawo, mita 100 na waya mai lamba 10 tana ɓarnar da kusan kilowat 1.7, mai lamba 25 kuwa ƙasa da 0.7. Bambancin kilowat ɗaya ke nan. Masana'antar da ke aiki awa 10 a rana, kwana 300 a shekara, ta yi asarar yunit 3,000. A watan Afrilu na shekarar 2024 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta kai farashin yunit ɗaya zuwa N225 ga masu rukunin A. Ko da mun yi lissafi a kan N200, asarar ta kai N600,000 kowace shekara a kan inji guda, ba tare da an casa ko da mudu ɗaya na ƙari ba. Wanda ke ƙona man gas a janareta kuwa, tasa ta fi haka.

Ba za a musa cewa masu tsimi suna da hujja ba. Jan ƙarfe kaya ne na kasuwar duniya da ake saye da dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 kuɗin kebul ya yi tashin gwauron zabo. Mai ƙaramin jari da ya ci bashin banki da ruwa mai yawa yana ganin duk abin da ya rage yau riba ce. Sai dai kuɗin waya sau ɗaya ake biya, a mora shekaru masu yawa, asarar ƙaramar waya kuwa kowane wata take dawowa a takardar kuɗin wuta. Wannan kafin a yi maganar ranakun da aiki ya tsaya, ma'aikata na zaune ana biyansu, abokan ciniki sun koma wajen maƙwabci. Gobara kuwa, Allah ya kiyaye, ba ta tsayawa a kan mai laifi kaɗai.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne jabun kaya. Akwai wayar da aka rubuta wa lamba 16 amma kaurinta bai kai ba, akwai kuma ta alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyam ba haramun ba ne a wannan aiki, manyan layukan wuta ma da shi ake yi, amma ƙarfinsa na ɗaukar wuta kimanin kashi 61 cikin ɗari ne na jan ƙarfe, saboda haka sai an ƙara kauri da fiye da rabi. Wanda aka sayar wa shi da sunan jan ƙarfe, lissafinsa ya rushe tun daga kanti. Alhali ƙasar nan tana da masana'antun kebul da suka daɗe suna aiki, irin su Cutix a Nnewi da Coleman a Jihar Ogun, ga kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, wadda aka kafa tun 1971, tana da tambarin da take bai wa kayan da suka cika ƙa'ida.

Saboda haka ina bai wa 'yan kasuwarmu shawara uku. Da farko, kafin a sayi ko da mita ɗaya ta waya, a nemi injiniya ya rubuta lissafin kowane inji a takarda, da girman waya da na bututu da na bireka da wayar ƙasa, ya sa hannu. Na biyu, a sayi kebul daga wakilin kamfani na haƙiƙa, a karɓi rasiɗi, a kuma auna kaurin kafin a biya. Na uku, a ba da aikin ga mai takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda doka ta kafa a 2015 domin duba ayyukan haɗa wuta, a kuma gayyace ta ta duba kafin a kunna.

Su ma bankuna da kamfanonin inshora ya kamata su riƙa neman wannan takarda kafin su ba da rance ko su ɗauki lamuni, domin dukiyarsu ce ke rataye a kan wayar. Ƙungiyoyin masu masana'antu da na 'yan kasuwa kuma za su iya ɗaukar injiniya guda ya riƙa zagaya membobinsu, a raba kuɗin. Magabata sun ce araha ba ta ado. A harkar wuta, wanda ya sayi araha yakan biya cikon kuɗin daga baya, wani lokaci har da ginin.