Rumbu Cike, Gida da Yunwa: Ɗakunan Karatun Jami'a da Lafiyar Talaka

A shekarar 2025 Jamhuriyar Nijar ta fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. An yi murna, an yi ta taya juna barka daga Yamai har Kano, kuma murnar tana da dalili. Sai dai takardar doka ba ta isa ta ɗora harshe bisa karaga ba. Inda za a gane ko harshe ya samu matsayi na gaskiya shi ne inda rai yake a hannun Allah: ɗakin awon ciki, layin allurar rigakafi, da ɗakin shan magani na ƙauye, inda uwa take tsaye da yaro yana zafin jiki tana jiran a faɗa mata abin da za ta yi. A waɗannan wurare Hausa ta daɗe tana aiki ba dare ba rana, amma da baki kawai. Ɗakunan karatun jami'o'i, waɗanda aka ɗora wa amanar tara ilimi da rarraba shi, sun bar wannan aiki babu rubutaccen tushe, kuma wannan sakaci ne da ya kamata a kira shi da sunansa.

Da Faransanci ake koyar da aikin likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ta André Salifou ta Damagaram. Da Ingilishi ake koyar da shi a Zariya da Kano da Sakkwato. Ɗalibi yakan tafi ƙauye don binciken kammala karatu, ya zauna da mata a tsakar gida, ya tambaye su da Hausa yadda suke shayarwa, da abin da suke yi idan yaro ya kama gudawa, da dalilin da ya hana su zuwa awo. Su amsa masa da Hausa, su ba shi ruwa, su yi masa rakiya. Ya koma birni ya rubuta abin da ya ji da harshen da ko ɗaya daga cikinsu ba ta ji, a yi wa kundin bango mai kauri, a ɗora shi a kanta. Daga ranar zancen ya ƙare. Ilimin ya fito daga ƙauye ya shiga jami'a, ba a buɗe masa hanyar komawa ba. Manomin da ya kai hatsinsa rumbu aka kulle, aka ba shi mabuɗin da ba ya buɗewa, ai ba a yi masa ajiya ba, ƙwace aka yi masa cikin ladabi.

Tun a 1978, a taron Alma-Ata, ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi, kuma abu na farko da suka lissafa a cikinsa shi ne ilimantar da jama'a kan cututtukan da ke damunsu da hanyoyin kare kai. A 1987 aka zo da shirin Bamako, wanda ya sa al'umma cikin tafiyar da ƙananan asibitocinta. Nijar ta gina ɗakunan shan magani masu yawa a karkara tun farkon shekarun 2000, a 2006 kuma ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Duk wannan gini a kan mutum ɗaya ya tsaya: ƙaramin ma'aikacin lafiya ko ɗan sa-kai na unguwa, wanda aka ba horo da Faransanci ko Ingilishi, aka sake shi ya je ya fassara da kansa, a tsaye, ba ƙamus, ba littafin jagora, ba wanda zai gyara masa idan ya kuskure.

A dubi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara a damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a yankin Sahel a 2012. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya kowane wata, kuma kowane zagaye kwana uku ne. Ma'aikaci yakan ba da na ranar farko a gabansa, ya bar wa uwa na kwana biyun da suka rage. Ke nan rana biyu cikin uku na aikin suna hannun uwa, kuma abin da take riƙe da shi shi ne jimloli biyu ko uku da aka faɗa mata a ƙofar gida. Idan ta fahimci cewa maganin na mai zazzaɓi ne, za ta ajiye shi sai yaro ya kwanta. Idan ta ɗauka na gida ne gaba ɗaya, za ta raba wa yayyensa. An kashe kuɗi a binciken maganin, da sayensa, da jigilarsa, amma jimlar da nasararsa ta rataya a kanta an bar ta ga sa'a.

Akwai kuma shaidar abin da ke faruwa idan aka yi bayani yadda ya kamata. A yankin Mirriya na jihar Damagaram an koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da ɗan zaren awo mai launi uku don gano tamowa da wuri, aka kuma tarar suna iyawa. Matan da ake cewa ba su yi boko ba sun riƙe aikin da a da sai ma'aikaci. Abin da ya rage musu dama can shi ne a yi musu magana da harshen da suke tunani da shi.

A nan ne aikin ɗalibin Hausa ya shigo, domin matsalar ta kalmomi ce tun daga tushe. Kalmar "shawara" a bakin jama'a takan ɗauki rawayar ido ko daga ina ta fito, ko daga ciwon hanta, ko daga zazzaɓi, ko ta jariri sabon haihuwa, alhali a wurin likita waɗannan abubuwa ne mabambanta masu magani daban-daban. "Sanyi" kan ɗauki ciwon gaɓoɓi, ya ɗauki cututtukan mara, ya ɗauki waɗanda ake ɗauka ta saduwa. "Daji" a wurin likita ciwo ne takamaimai, a wurin wata tsohuwa kuwa kusan duk kumburi ko gyambon da ya ƙi warkewa. Ko kalmar "likita" kanta ba ta tsira ba: a Kano mutum ne, a wurare da yawa na Nijar kuwa gidan da ake zuwa neman magani ne, mutumin kuma "lokotoro". Mai haƙuri da ma'aikaci sukan furta kalma ɗaya, kowa da abin da yake nufi, su rabu kowa yana zaton an fahimci juna. Tattara waɗannan ma'anoni, gari da gari, da tantance su tare da likitoci, aiki ne na ilimin harshe tsantsa, kuma mazauninsa na halal shi ne ɗakin karatun jami'a.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna shekarar 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya bisa jita-jitar cewa maganin yana hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a 2004, kuma kafin nan cutar ta tsallaka iyakoki ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Tsoron jama'a yana da tushe, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Amma a lura da yadda aka yi yaƙin. Jita-jita ta yi tafiya da Hausa, a majalisa da kasuwa da gidan suna. Hujjar kimiyya kuwa tana kwance cikin rahotanni da mujallun Ingilishi. Sai da aka koma ga sarakuna da malamai da masu magana da harshen mutane sannan aka fara cin nasara, kuma sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yaran da suka shanye a tsakani suna nan da ransu, sun girma, ana ganinsu a kan titi.

Masu kare wannan hali suna da hujjoji huɗu da suka saba kawowa. Ta farko ita ce wai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Harshen da ya samar da "hawan jini" da "ciwon suga" da "yoyon fitsari" da "ƙanjamau" da "ƙwayar cuta" ba tare da wata hukuma ta umarce shi ba, ba za a ce ya gaza ba. Tun 1916 Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, ƙamus ɗin Bargery na 1934 kuma cike yake da sunayen cututtuka da magunguna. Baƙi sun ga dukiyar sun tara fiye da shekara tamanin da suka wuce, masu gida kuwa har yau suna muhawara kan ko akwai ta. Babu harshen da aka haifa da kalmomin tiyata a bakinsa. Faransanci ma aro ya yi daga Girkanci da Latin, ya yi ta amfani da su har suka zama nasa.

Ta biyu ita ce wai aikin ɗakin karatu ajiye littafi ne, wayar da kai kuwa na ma'aikatar lafiya ne. To, a tsaya a kan ajiyar ma. Kowace shekara ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji suna buga takardun faɗakarwa da hotunan bango da Hausa, gidajen rediyo suna watsa shirye-shiryen lafiya, ana shirya wasannin kwaikwayo kan tazarar haihuwa da tsabtar ruwa. Da zarar shiri ya ƙare, takardun sukan koma hannun mai ƙosai. Shiri na gaba ya zo ya sake biyan wani mai fassara, ya ƙirƙiro sabuwar kalma ga abin da aka riga aka raɗa wa suna, jama'a su ƙara ruɗewa. Ɗakin karatun da yake neman mujallar da aka buga a Faransa, ya bar takardar da aka buga a bayan katangarsa ta ɓace, bai cika ko aikin ajiyar da yake taƙama da shi ba.

Ta uku ita ce wai mutanen karkara ba su iya karatu ba. Wannan hujja ta manta cewa ma'aikacin da ke yi musu bayani ya iya, kuma shi ne farkon mai buƙatar rubutun. Ta manta da ɗimbin masu karanta ajami. Ta manta da rediyo da wayar hannu, inda saƙon murya yake zagaye gari kafin azahar. Ta kuma manta da tarihi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani duk da nauyin mulki da ke kansa, ƴar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin ƴan taru, inda jajis suke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka da harshen da suke ji. Ba su jira sai kowace mace ta iya riƙe alƙalami ba. Dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami suna ajiye a cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Yamai, wasu kuma a Gidan Arewa na Kaduna. An gaji takardun magabata, ba a gaji ɗabi'arsu ta kai ilimi inda ake buƙatarsa ba.

Ta huɗu ita ce babu kuɗi. Gaskiya ne ɗakunan karatu suna fama da ƙarancin kuɗi da yankewar wuta da tsadar intanet. Amma tun 2002 shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya ya buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallun likitanci kyauta ko a farashi kaɗan. Ƙofar shigowar ilimi ta faɗaɗa, ta fitarsa ce har yanzu a toshe. Shafi biyu na taƙaitawa da Hausa a ƙarshen kundin digiri ba ya buƙatar tallafi daga ƙetare. Umarni ɗaya daga majalisar jami'a ya isa.

Sassan koyar da Hausa su ma ba su fita daga zargi ba. An rubuta kundaye masu yawa kan jigo da salo a littattafan da aka riga aka tatse, ana maimaita abu guda da sabon take, alhali ga fage a buɗe babu mai nomansa. Nazarin yadda ungozoma take magana da mai naƙuda, ko yadda ake sakaya sunan cuta saboda kunya, ko yadda karin harshen Gobir da na Damagaram da na Kano suka bambanta wajen sunayen sassan jiki, nazarin harshe ne cikakke, kuma yana iya tsirar da rai. Abdou Moumouni, wanda babbar jami'ar Nijar take ɗauke da sunansa, masanin kimiyya ne, kuma tun 1964 ya yi kira a littafinsa kan ilimi a Afirka da a koyar da harsunan gida. Ɗaukar sunan mutum a bar wasiyyarsa ba girmamawa ba ce.

Abin da ake nema a fili yake. Kowane ɗakin karatun jami'a da ke ƙasar Hausa ya ware sashe na lafiya da harshen Hausa, ya tara duk abin da aka buga ko aka watsa, na boko da na ajami da na murya. A wajabta taƙaitawa da Hausa, ko da harshen al'ummar da aka yi binciken a cikinta, Zabarmanci ne ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, ga duk kundin da ya shafi lafiyar jama'a, a kuma aika da kwafi ga asibitin garin da aka yi aikin. A zaunar da likitoci da masana harshe da ungozomomi daga ɓangarorin iyaka biyu su fitar da ƙamus ɗaya na lafiya, kamar yadda aka zauna a Yamai a 1980 don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa. Sauro ba ya tsayawa a Jibiya ko Ɗan Isa a duba masa takardu, kuma mai jegon Maraɗi da ta Katsina ciwonsu ɗaya, harshensu ɗaya.

Ɗalibin da yake neman abin da zai yi bincike a kai ba ya buƙatar jiran waɗannan gyare-gyare. Ya ɗauki littafin rubutu ya nemi izini a asibitin unguwarsu, ya zauna kwana bakwai a layin awo yana saurare. Ya rubuta kalmar da ma'aikaciya ta faɗa, ya rubuta abin da uwa ta fahimta, ya auna tazarar da ke tsakani. Zai fito da abin da ya isa kundi, kuma kundin da wani zai buɗe bayan an gama bikin yaye ɗalibai.