Tuwo Kaɗai Ba Ya Isar Yaro

A Tungar Daji, ta ƙasar Anka, da wuya gari ya waye rana ta faɗi ba a ci gero ko dawa ba. In ba tuwo ba, to fura ce ko kunu. Wannan ya yi kyau, gama da ruwan ciki akan ja na rijiya. Amma wanda ya ce tuwo kaɗai ya ishi yaro, ya yi kuskure.

Masana suna auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da wani ma'auni, ana kiransa kalori. Wajen shekarar 1900 wani masani na Amurka, Wilbur Atwater, ya bayyana cewa abubuwa uku ne ke ba da wannan ƙarfi. Na farko sitaci da sukari, waɗanda ke cikin gero, dawa, masara da rogo; kowane giram yana ba da kalori 4. Na biyu furotin, watau abin da ke gina tsoka, yana cikin wake, nono, ƙwai da kifi. Shi ma giram ɗaya kalori 4 ne. Na uku mai, kamar man gyaɗa da man shanu. Giram ɗaya nasa kalori 9 ne, ya fi ninkin na sitaci.

Yaro ɗan shekara 10 yana bukatar kusan kalori 2,000 kowace rana, ga shi cikinsa ƙarami ne. In aka dama masa kunun gero tsararo, sai ciki ya cika da ruwa, ƙarfi kuwa kaɗan. In aka zuba gyaɗa a kunun, ko aka sa cokalin mai a miya, sai ya sami ƙarfi mai yawa cikin ɗan abinci kaɗan.

Akwai kuma abubuwan da ba su da kalori ko ɗaya, amma jiki ba ya zama lafiya sai da su, kamar sinadarin ƙarfe da ke gyara jini. Mutanen Tungar Daji ba su manta da shekarar 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara da yawa a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Likitoci sun tabbatar cewa gubar ta fi shiga jinin yaro mai yunwa, ko wanda jikinsa ke ƙarancin ƙarfe. Abinci ba ya maganin gubar, sai an nisanta yaro daga ƙurar, amma yana ƙara masa kariya.

Waɗansu sukan ce irin wannan abinci sai mai kuɗi. Ba haka ba ne. Wake da gyaɗa a gonakin garin ake nomansu, zogale kuwa a bayan ɗaki yake tsirowa. Saboda haka ya kamata magidanci, kafin ya kai wakensa da gyaɗarsa kasuwar Anka, ya fara ware rabon 'ya'yansa. Yaron da ya ci tuwo da miyar zogale, ya ƙara da ɗan ƙuli-ƙuli, shi ne zai zauna a aji bai yi gyangyaɗi ba.