Fitilun filin jirgi da wayar Birnin Kabi

Kowace shekara maniyyata daga Dogon Dutsi da Tibiri da sauran garuruwan Arewa sukan bi babbar hanya zuwa Yamai, su shiga jirgi a filin Diori Hamani. Kaɗan ne daga cikinsu ke tambayar inda wutar da ke haska titin jirgin take fitowa. Amma kuwa tambayar ta cancanci a yi ta, domin ran matafiyi yana rataye da ita.

Tun shekarar 1976 wata waya mai ƙarfin kilobolt 132 take ɗauko lantarki daga Birnin Kabi ta Najeriya, ta ratsa jahar Doso, ta kai Yamai. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, Najeriya kuma ta yanke wutar a farkon Ogusta. Ba a maido ta ba sai a Maris 2024. Watanni bakwai ke nan unguwanni suna samun wuta bi da bi.

Gida yana iya kwana cikin duhu, amma filin jirgi ba ya iyawa. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, OACI, ta ce idan wuta ta ɗauke, dole injin gurup ya maido fitilun titi cikin daƙiƙa 15. Inda jirage ke sauka cikin hazo mai kauri kuwa, wasu fitilun daƙiƙa ɗaya kacal aka ba su. Shi ya sa ake haɗa gurup da manyan batura masu riƙe wuta kafin injin ya tashi. A Nijar, hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ce ke jagorar jirage a sama, kuma rediyonta da na'urorinta ba sa aiki sai da wuta.

Sai dai gurup kaɗai ba ya isa. A daren 20 ga Maris 2025 gobara ta kama wata tashar rarraba wuta kusa da filin Heathrow na London. Injunan ko-ta-kwana sun tashi, sun riƙe na'urorin tsaro, amma ba su iya ɗaukar filin gaba ɗaya ba. Aka rufe shi kusan yini guda, jirage fiye da 1,300 suka rasa tashi ko sauka. Idan haka ta sami Ingila, ina ga ƙasar da wayarta ke tsallako iyaka?

An fara neman magani. Tashar Gorou Banda mai aiki da mai ta buɗe a 2017 da megawat 80, ta hasken rana mai megawat 30 ta biyo baya a 2023. A madatsar ruwa ta Kandadji kuma ana sa ran megawat 130.

Abin da ya rage shi ne kulawa ta yau da kullum: a riƙa gwada injuna, a tanadi gazuwal, a canza batura kafin su mutu, a horar da ma'aikata ƴan ƙasa. Sannan a ba filin jirgi hanyar wuta fiye da ɗaya, ta cikin gida. Zanen aro ba ya rufe katara.