Fim ɗin da ke cikin waya zai iya kai yaro ga littafi

Daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo akwai samari da 'yan mata da shekarunsu suka kai na babbar sakandare, amma ba sa zuwa aji. Wasu sun baro ƙauyukansu cikin dare suna raɓe a gidajen dangi. Wasu, galibinsu mata, iyaye ne suka ce hanyar makaranta ta bi ta daji, ba za su yi kasada da rai ba. Tun da aka sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 zukatan iyaye ba su koma daidai ba a wannan yanki namu. A Amurka iyaye kan zaɓi koyar da 'ya'yansu a gida don ra'ayi. A gabashin Sakkwato tilas ce ta kawo haka, kuma mafi yawan gidajen ba su da manhaja ko allo ko malami.

Amma suna da waya. Ka tsaya a rumfar mai tura finafinai ranar Lahadi a kasuwar Goronyo ka gani. Yaro zai sayar da albasarsa, ya zaro memori daga aljihu, ya karanto sunayen abin da yake so da ka, har da lambar fitowar da ya tsaya a kanta. Da dare mutum biyar ko shida za su haɗa kai a kan waya ɗaya. In an gama, gardama ta tashi: wance ba ta kyauta ba, wane munafuki ne tun farko, mai labarin ya ja abin da yawa. Wannan gardama ita ce nake so mu ɗauka da muhimmanci, domin nazarin adabi ne aka fara ba tare da an san sunansa ba.

Me takardar Hausa ta WAEC da NECO ke nema wajen ɗalibi a ɓangaren adabi? Jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo, taurari. Duk suna nan cikin finafinai masu dogon zango irin su Labarina ko Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in. Abin da ya rage shi ne a samu babba a gidan, yayar da ta yi NCE take zaman aure ko kawun da ya ajiye aikin koyarwa, ya riƙe wayar. Ya tsayar da fim ɗin a tsakiya ya ce, "Ke, me ya sa aka yanke mana a nan aka koma wani gida?" Ƙanwar ta ce, "Yaya, don mu ƙagu mu ga abin da zai faru." To ta taɓo zubi. Ya sake tambaya: wannan mutumin, da bakinsa aka gaya mana mugu ne, ko daga ina kuka gane? Sai a fara lissafi: kallon da ya yi, kiɗan da aka sa lokacin da ya shigo, shirun da ya yi da aka ambaci gado. Wanda ya iya kawo hujja daga abin da idonsa ya gani, gobe zai iya kawo ta daga shafin littafi. Sharaɗi guda: kowane zama ya ƙare da rubutu, ko da rabin shafi ne, da boko ko da ajami.

Na san abin da iyaye da malamai da yawa za su ce. Fim ɓata tarbiyya yake yi, kuma ba shi ake tambaya a jarrabawa ba. Ban raina wannan magana ba. Akwai finafinan da ba zan yarda a kunna a gidana ba. Sai dai yaran nan suna kallo ko mun so ko mun ƙi, kuma yaron da aka koya wa tambayar wa ya shirya wannan, me yake so in ji, me ya ɓoye mini, ya fi tsira daga sharrin fim a kan wanda ke haɗiye komai a ɓoye. Batun jarrabawa kuwa, gaskiya ne: fim ba zai maye gurbin littafi ba, aikinsa ya kai yaro gare shi.

Ga misalin da ya fi tsaya mini a rai. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Labari ɗaya, siffa uku. Malami ne ke ba almajiransa tarihinsa: yadda aka sace shi yana ƙarami, aka wuce da shi ta hamada zuwa ƙasar Larabawa, da yadda mahaifiyarsa ta bar komai ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Ka ɗauki wannan ka ajiye gaban yarinyar da ta san gidan da aka sayar da gona don a fanso ɗa. Ba sai ka yi mata dogon bayanin jigo ba. Tambayar da za ka yi mata ta fi wannan zurfi: me ya sa marubucin ya sa Umar ya ba da labarin a tsanake, bayan ya manyanta ya zama malami? Me littafin ya faɗa da kalma da fim ya bar wa fuska da rairayi? Wanne ya fi sa ki jin ciwon uwar? A yi hattara dai, wasu yaran raunin bai warke ba, mai koyarwa ya san inda zai tsaya.

Ba Shaihu Umar kaɗai ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu duk sun tashi daga takarda sun koma fim.

Kada kowa ya ce karatu a cikin gida baƙon abu ne a Wurno. Nan ne ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, nan kabarinsa yake tun 1837. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta horar da mata jagorori da ake kira jaji, suna sanye da malfa, suna bi ƙauyuka suna kai wa mata 'yan taru ilimi har cikin gidajensu. Da waƙa suka kai shi, domin ita ce abin da kunnen matan ya saba da shi kuma yake riƙewa. Ta duba abin da ke hannun mutane ta yi aiki da shi.

An gano fim ɗin Shaihu Umar a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ina roƙon hukumar ta sake shi a siffar da za ta shiga memori, kyauta ga ɗalibai. Sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma ya rubuta ɗan jagora na shafuka kaɗan, da tambayoyin da yaya ko kawu za su iya yi. Masu hali daga ƙananan hukumomin nan uku su sayi littattafan, su biya wa waɗannan yara kuɗin jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara.