Wasiƙa Zuwa Ga Masu Walda

'Yan'uwa masu sana'ar walda,

Maganar ƙarfen taga ce ta sa na rubuto muku. Babu mai ganin laifinku. Tsoron ɓarayi ne ya sa kowa ke so a garƙame masa gida, ku kuwa aikin da aka ba ku shi kuke yi. Sai dai ran da wuta ta tare ƙofa, wannan ƙarfen ne zai tsare mai gida da iyalinsa a ciki.

A watan Satumba na 2012 gobara ta tashi a wani kamfanin ɗinkin tufafi a Karachi, ƙasar Pakistan, fiye da mutum 250 suka rasu. Ƙofofin fita a kulle suke, waɗanda suka ruga bakin taga kuma suka tarar da ƙarfe.

Saboda haka, a kowane ɗakin kwana ku bar taga ɗaya wadda ƙarfenta ke buɗewa daga ciki kamar ƙyaure. Ku sa mata sakata, ku kare sakatar da farantin ƙarfe yadda hannun na waje ba zai kai gare ta ba. Kwaɗo ba shi da amfani a nan. Cikin dare, ga hayaƙi ya turnuƙe, ga yara na kuka, wa zai tsaya laluben makulli? Hayaƙin ma ya kan kayar da mutum tun wutar ba ta iso shi ba. Idan kun gama, ku kira yaro ɗan shekara goma ya gwada buɗewa. In ya kasa, da sauran aiki.

Ƙofar masallaci da ta aji, ta riƙa buɗewa waje, domin jama'a in sun firgita turawa suke yi.

Sai matakalar ƙarfe ta bayan bene, inda wasu ke tsuke hannu su sa siririn ƙarfe, wai ai ba kullum za a hau ba. A gobarar kamfanin Triangle da ke New York a 1911, wadda ta ci mutum 146, irin wannan matakala ce ta karye da masu gudu a kanta.

Na san wani mai gidan zai ce kuɗin ya yi yawa. Don Allah ku yi masa wannan bayani tun kafin ku yanka ƙarfe.

Wassalam.